FASHIN BAƘI: Yadda makarantun Amurka ke shirya ɗalibai shiga jami'a, gyara ɗabi'a da renon masu baiwa

A ƙasar Amurka, ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da makarantun firamare da na sakandare ba. Jihohi da hukumomin ilimi na gundumomi, waɗanda yawansu ya haura 13,000, su ne ke da wuƙa da nama, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makaranta yana fitowa ne daga harajin gidaje da filayen yankin da take. Saboda haka makarantar unguwar masu hannu da shuni ta sha bamban da ta unguwar talakawa. A cikin wannan yanayi ne tsare-tsare uku suka yi fice: AVID, mai shirya ɗalibai shiga jami'a, da PBIS, mai kula da ɗabi'a, sai kuma azuzuwan yara masu baiwa.

AVID: ɗaga ɗaliban tsakiyar aji

An fara AVID a shekarar 1980 a makarantar sakandare ta Clairemont da ke birnin San Diego a jihar Kalifoniya. A lokacin, umarnin kotu na kawo ƙarshen wariyar launin fata ya sa ana kwaso ɗalibai a motoci daga unguwannin marasa galihu zuwa makarantar. Wata malamar Turanci mai suna Mary Catherine Swanson ta ƙi yarda da ra'ayin cewa baƙin ɗaliban ba za su iya ɗaukar darussa masu wuya ba, sai ta tara 32 daga cikinsu ta buɗe musu aji na musamman.

Tsarin ya fi mayar da hankali ne kan ɗalibai matsakaita, musamman waɗanda babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu. Ana sanya ɗalibi a darussa mafi tsauri na makarantar, sannan a ware masa darasi guda a jadawali inda ake koya masa rubuta bayanan malami bisa salon da aka ƙirƙiro a Jami'ar Cornell, da adana takardu, da tsara lokaci, da cike takardun neman gurbin karatu da na tallafi. Sau biyu a mako ɗalibai kan zauna rukuni-rukuni da masu jagora, galibi ɗaliban jami'a, waɗanda aikinsu shi ne yi wa ɗalibi tambayoyi har ya gano amsa da kansa.

Makarantu na biyan kuɗin rajista da na horar da malamai kafin su shiga tsarin. Babban ƙorafin masana shi ne cewa ana tantance ɗalibi kafin a ɗauke shi, don haka da wuya a rarrabe tasirin shirin da ƙwazon da yaron ya zo da shi tun farko. A 2010, sashen tantance bincike na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ya bayyana cewa bai ga wani tasiri a fili da shirin ya yi kan fahimtar karatun matasa ba.

PBIS: koyar da ɗabi'a kamar darasi

A shekarun 1990, makarantu da dama sun rungumi manufar hukunci ba sani ba sabo, musamman bayan dokar 1994 wadda ta wajabta korar ɗalibin da ya zo makaranta da bindiga na aƙalla shekara guda. Sannu a hankali aka riƙa dakatar da yara kan ƙananan laifuka. Alƙaluman da ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi ya fitar a 2014 sun nuna cewa ana dakatarwa ko korar ɗalibai baƙar fata ninki uku na takwarorinsu farar fata.

PBIS ya samo asali ne daga binciken masana a Jami'ar Oregon, ciki har da Robert Horner da George Sugai. Gyaran da aka yi wa dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman a 1997 ya ƙarfafa wannan hanya, kuma a yau makarantu fiye da 25,000 ke aiki da ita. Makaranta kan zaɓi ƙa'idoji uku zuwa biyar, kamar girmama juna da riƙon amana, ta koyar da su a aji da farfajiya da ɗakin cin abinci, ta kuma yaba wa wanda ya kiyaye.

Tsarin hawa uku ne. Hawa na farko na kowa da kowa ne, kuma ana sa ran ya wadatar da kimanin kashi 80 cikin 100 na ɗalibai. Na biyu na kimanin kashi 15 ne masu buƙatar ƙarin kulawa, kamar ganawa da wani malami safe da yamma. Na uku na kimanin kashi 5 ne da ake yi wa kowannensu shiri na kansa tare da iyaye da ƙwararru. Wani gwaji da aka yi a makarantun firamare 37 na jihar Maryland ya nuna raguwar dakatar da ɗalibai. Masu suka kuwa na ganin yawan raba tukuici na iya sa yaro ya yi ladabi don lada kawai.

Masu baiwa: wa ke zaɓe?

Harba tauraron ɗan'adam na Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta yi a 1957 ya tayar wa Amurka da hankali, har ta kafa dokar 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi. A 1972, rahoton Marland ya ba da ma'anar baiwa ta farko a matakin tarayya, ya kuma ƙiyasta cewa aƙalla kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na ɗalibai na da ita. Dokar Javits ta 1988 ta samar da kuɗin bincike, amma har yau babu dokar tarayya da ta tilasta wa jihohi kula da irin waɗannan yara. Wasu gundumomi na tsallakar da yaro aji, wasu na fitar da shi na 'yan sa'o'i a mako, wasu kuma na da makarantu na musamman.

Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar zaɓe. Birnin New York ya daɗe yana yi wa yara 'yan shekara 4 jarrabawa, lamarin da ya ba iyaye masu halin biyan kuɗin darasin share fage fifiko. A 2021 magajin gari Bill de Blasio ya sanar da shirin rushe tsarin, amma wanda ya gaje shi, Eric Adams, ya faɗaɗa shi a 2022 ba tare da dawo da jarrabawar ba.

A gundumar Broward ta jihar Florida, malamai da iyaye ne ke miƙa sunan yaron da za a gwada, har zuwa 2005 da aka fara gwada kowane ɗan aji biyu na firamare. Masana tattalin arziki David Card da Laura Giuliano sun gano cewa adadin 'ya'yan talakawa da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da aka tabbatar da baiwarsu ya ƙaru matuƙa, alhali ba a sauya ma'aunin cancanta ba. Bayan 'yan shekaru, ƙarancin kuɗi ya sa gundumar ta dakatar da gwajin bai-ɗaya, kuma adadin waɗannan yara ya sake komawa ƙasa.