Sabon Zangon Akkara: Tarihin da ke Bakin Waɗanda Suka Tashi a Cikinsa

A shekarar 1877 Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar mulkinsu ta ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Akkara, kuma a shekarar ce aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, maƙwabciyar Kiru a kudancin Kano. Mahaifinsa Madugu Abdullahi Ba'agali ne, cikin fataken goron da suka sa Bebeji ta yi suna a kan hanyar Gwanja. Masu rubuta tarihinsa sun ce uban ya rasu yana ƙarami, uwar kuma, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce mai zaman kanta, ta koma Akkara da zama ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Da yaron ya tasa sai ya bi ayari ya je ya same ta, ita kuwa ta damƙa shi ga wani malami. Galibi ana kawo wannan labari don a nuna yadda attajiri ya sha wuya kafin ya samu. Amma akwai wata shaida a cikinsa da ake tsallakewa. Tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare, akwai wurin da mace daga ƙasar Kano za ta zauna a bakin teku ta yi sana'a, har ta sami malamin da za ta kai masa ɗanta. Wurin da ake da malamin yara ya wuce masaukin fatake. Ra'ayina shi ne, fatauci ya kai Hausawa Akkara, amma renon yara ne ya zaunar da su, don haka abin da waɗanda suka tashi a zango ke tunawa ya cancanci a ɗauke shi tushen tarihin wurin, daidai da takardun Turawa da jerin sunayen sarakai.

Hanyar da ta kai su sananniya ce. Shekara da shekaru kasuwar goro tana Salaga, inda ayarin Kano da Katsina da Barno ke sauke kanwa da tufafi da fatu su ɗauki goron Ashanti. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 sai tsarin ya girgiza, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa mutanenta zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku. A Akkara sun tarar da tsofaffin sojojin Hausa da Turawa suka kwaso daga Legas, da mahauta, da malamai. Babba a cikin malaman shi ne Malam Idrisu Neno, mutumin Katsina, wanda ya sami fili daga sarakunan ƙabilar Ga aka kafa Zangon Malam a tsakiyar gari. Bayan rasuwarsa a 1893 rigimar limanci da shugabanci ta yi tsami tsakanin Hausawa da Yarbawa da sauran Musulmi, wurin kuma ya cushe. Ɗansa Malam Baƙo ya nemi wani fili daga 'yan ƙasa, ya fita da jama'arsa a wajajen 1910 zuwa bayan gari, hayin tafkin Korle. Nan ne Sabon Zango. Ya yanka filaye ya raba wa 'yan'uwa da mabiya, ya kafa gidansa da masallaci. Mai neman riba kaɗai ba ya barin bakin kasuwa ya koma jeji, sai wanda ke tunanin inda iyali za su yaɗu. Yau birni ya haɗiye unguwar, tana maƙwabtaka da Abossey Okai, ba nisa da asibitin Korle Bu, kuma wata masaniya Ba'amurkiya, Deborah Pellow, ta yi littafi a kanta a 2002 inda ta bi diddigin zaman masu gida da 'yan haya.

Me ɗan zango ke tunawa? Abu na farko yawanci asuba ce: mai koko ta girke tukunyarta a bakin lungu, mai ƙosai tana gefe, yara sun yi layi da kwanoni kafin a tafi makaranta. Sai tsakar gida guda da ɗakuna kewaye, mai gida Bahaushe yana da nasa sashe, sauran ɗakunan 'yan haya ne, wannan Bazabarme, wancan Dagomba, wata Kirista ce daga ƙasar Ewe, duk murhunsu a jere, igiyar shanya ɗaya. Sai allo da tawada da bulalar malam bayan an taso daga boko. Sai dattijon da ke zaune a ƙofar masallaci, wanda ba uban kowa ba ne a cikin yaran amma yana da ikon tsawata wa kowannensu. Sai ranar Sallah da kaɗe-kaɗe a ƙofar Sarkin Zango. Mai karatu zai ce ai wannan hira ce ta bayan cin tuwo. To, a sake dubawa. Layin koko yana faɗa mana cewa tattalin arzikin gida a hannun mata yake, kamar dai yadda Amarya ta riƙe kanta. Tsakar gidan tana bayyana yadda fili da aka raba wa dangi ya koma hanyar samun kuɗin haya, har masu gida suka zama 'yan tsiraru a unguwar da kakanninsu suka kafa. Dattijon ƙofar masallaci kuwa shi ne hukumar da ta riƙe unguwa a lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ba ta damu da abin da ke faruwa a lungunanta ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da rahoton Bature ya tsaya ya bayyana.

Ƙorafi na farko da za a kawo shi ne ƙwaƙwalwa mayaudariya ce, kowane tsoho yana ganin zamaninsa ya fi. Gaskiya ne, kuma dattijon zango ma zai ce da can ba sata ba rashin kunya, abin da ba a taɓa yin garin da ya kuɓuta daga gare shi ba. Sai dai hukuncin tsoho daban, bayaninsa daban. In ya ce mutanen da sun fi kirki, ana iya ajiye wannan gefe. In ya ce rijiya tana nan, gidan wane ya tsaya can, malam wane ne ya karantar da unguwa, ana iya gwada maganarsa da ta tsararsa uku ko huɗu, a kuma duba takardar fili. Takardun Turawa ma ba waliyyai ba ne, suna ganin zango ne ranar da aka yi rigimar sarauta ko annoba ta ɓarke.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Ana cewa duk daɗewar zango, mazauninsa baƙo ne, kuma an gani a ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Jama'a masu ɗimbin yawa suka karyar da kaya suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar. Wannan ya faru, ba mai musu. Amma wa korar ta fi yi wa ciwo? Wanda ya zo da ƙafarsa ya san hanyar garinsu. Wanda aka haifa a Sabon Zango ko unguwar Nima shi aka kai ƙasar da bai taɓa gani ba, aka ce masa ga gida. Zafin da irin waɗannan suka ji shi ne hujjar cewa zango ya riga ya zama mahaifa. Waɗanda suka tsaya kuma sun kafu. Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a Akkara aka haife shi a 1919, kuma a 2017 gwamnati ta buɗe ma'aikata da asusu na musamman don raya zanguna. Ana iya gardama kan ko kuɗin ya isa kwatocin da ke ambaliya duk damina da ɗakunan da suka cushe, amma ba a kafa ma'aikata don mutanen da ake sa ran za su naɗe tabarma gobe.

Na uku daga gida yake fitowa. Bakano kan ji Hausar Gana ya yi murmushi, saboda ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, ga kalmomin Turanci da Twi a ciki. A nan ma yara ne amsa. Hausar zango ba a zauren malamai ta bazu ba, a lungu ta bazu, wurin ƙwallo da aike da faɗan yara, inda ɗan Mosi da ɗan Kotokoli da ɗan Wangara ke buƙatar harshe ɗaya. Shi ya sa a Nima, wadda wani Bafulatani mai shanu, Malam Amadu Futa, ya kafa a farkon shekarun 1930, Hausa ce harshen titi alhali yawancin mazaunanta ba Hausawa ba ne. Harshen da ya shiga bakuna da yawa haka dole ya sauya.

Ɗantata ya dawo gida, ya zama attajirin goro da gyaɗa har ya rasu a Kano a 1955, shi ya sa aka rubuta labarinsa. Takwarorinsa daga Bebeji da Kiru da Madobi da suka zauna can suka hayayyafa ba wanda ya rubuta nasu. Waɗanda suka yi wayo kafin korar 1969 yanzu sun haura sittin, wasu suna Akkara, wasu suna nan cikinmu a Kano da Zariya. Ya kamata sashen tarihi na Jami'ar Bayero, da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, su ɗauki na'ura su je su naɗi maganarsu, su kuma fara da tsofaffin mata.