Daga Tatsawarki zuwa Nguru: Tarihin Fadamar da Kano ta Tsare wa Ruwa

Duk ruwan saman da ya sauka a rufin gidajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kudu yake nufa. Yakan bi kwatoci ya faɗa rafin Tatsawarki, ya haɗu da dagwalon masana'antun Sharaɗa da rafin Salanta ke ɗaukowa, sannan ya zube a Kogin Challawa. Challawa ta gamu da Kogin Kano kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Dattawan unguwannin nan sun san lokacin da yankin yake gonaki da kududdufai, sunan Ƙauyen Alu ma shaida ne. Da gari ya bunƙasa aka cike kududdufan da shara da ƙasa, aka yanka filaye, rafin ya koma babbar kwata mai ɗauke da leda. Amma babban canjin da Kano ta yi wa wannan ruwa can gaba ya bayyana, inda mazaunin Titin Zariya ba ya gani.

Bayan garin Haɗeja ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce mai tsofaffin tuddan rairayi. Da kogin ya iso nan sai ya rarrabu, ya haɗu da na Jama'are, ya malale fili har Nguru da Gashuwa. Kafin a gina madatsu, a shekarar da damina ta yi albarka, ambaliyar kan rufe murabba'in kilomita 2,000 ko fiye. Mutanen wurin ba su ɗauke ta masifa ba, da ita suke lissafin shekara. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya iso a watan Agusta, ta yi ta tsawo tana bin ruwan. Tarwaɗa da karfasa su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai. Idan ruwa ya soma janyewa, masunta su jefa birgi a bakin mashigai, manoma su bi laimar da wake da kabewa, Fulani su sauko da shanu kan burugu. A gefe kuma ga kurmin bagaruwa da goruba, ga bado a tafki, yara na tsinko 'ya'yansa. Da sanyi ya shigo, tsuntsayen Turai su tsallako hamada su sauka tare da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Zuwa bazara yawancin mashigan sun bushe ƙayau, har a bi ta kai da amalanke.

Wannan bushewar ita ce abin da masu tsara madatsu ba su sa a ma'auni ba.

Fari na farkon shekarun 1970 ya firgita kowa, kuma babu mai zargin Gwamna Audu Bako don ya so a tara ruwa. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, mai ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2 a lokacin. Da ita ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga kogin kuma matatar Tamburawa ke jan ruwan da ake turo wa birni. Madatsar Challawa da ke Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Tumatirin da ake ɗiba a kasuwar Tarauni cikin rani, da shinkafar Kura, duk albarkacin wannan aiki ne, kuma ba ƙaramin arziki ba ne.

A can ƙasa kuwa lissafi ya birkice. Ambaliyar damina ta ragu, kurmin bagaruwa a wurare da dama ya bushe a tsaye, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa. A gefe guda, tunda ana sakin ruwa daga madatsun, rani da damina, mashigan da suka saba bushewa sai suka zauna da jiƙa duk shekara. Abin da kachala ke so ke nan. Ciyawa ce mai tsawo, ta fi mutum, saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka, irinta na bin iska kamar auduga. Da can zafin bazara ke karya ta. Yanzu ta samu wurin zama, ta kama yashi da laka, ta toshe mashigin Burum Gana da tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja. Ruwan ya karkata ta mashigin Marma ya taru a tafkin Nguru, ya cinye gonakin wasu ƙauyuka, wasu kuma suna kallon ƙura a inda kakanninsu suka yi su. Tsuntsun jan baki ya mai da kachalar gidansa, daga nan yake tashi ya far wa shinkafa da gero.

An fara ƙoƙarin gyara a 1987, lokacin da aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, tare da ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN. Da farko tsuntsaye ne suka jawo hankalin Turawa, har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci tafkin Dagona a 1989. Amma ba a jima ba ma'aikatan suka gane cewa ba za a tsare wa agwagwa ruwa a bar masunci ba. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da noman ranin Kogin Kano. Sakamakon ya nuna cewa in ruwan da aka kashe za a auna, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Shawarar da ta fito daga nan mai sauƙin faɗa ce: a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina don a kwaikwayi ambaliya, a rage shi da rani don mashigai su sha iska. Aiwatarwa ce ta yi wuya, domin manomin Kura da famfon birni da rani suka fi bukata. Ofishin da makullin madatsun ke hannunsa, hedikwatar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yana Hotoro a kan Titin Maiduguri, 'yar tafiya kaɗan a adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Takardun yabo dai sun samu. Tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin muhimman dausayin duniya na Ramsar a 2000, Dagona da Baturiya suka bi a 2008, UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren adana halittu a 2020. Aikin da ya fi taɓa rayuwar mutane kuwa na gayya ne. Samari kan shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su yanke kachala a ƙasan ruwa don kututturen ya nutse ya ruɓe, su ja tarin zuwa gaɓa. In an buɗe mashigi, kifi da noman shinkafa kan dawo ƙauyen da ya yi shekaru bai gansu ba. In an yi sakaci shekara biyu, ciyawar ta sake rufewa. Gwamnatoci sun kawo injinan yashe, musamman bayan ambaliyar 2022 da ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, sai dai inji ma ciyawar yake cirewa, bai taɓa dalilin tsirowarta ba.

Saura Kogin Jama'are, wanda har yau ba shi da babbar madatsa, kuma shi ne ke kai yawancin ruwan da ke isa Gashuwa da Kogin Yobe. An fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa a Jihar Bauchi, aka dakatar a shekarun 1980. Bauchi na neman a kammala don noman rani, Yobe da Borno sun sha nuna adawa, suna kafa hujja da abin da ya biyo bayan Tiga.