Ƙasar Kukawa da Ruwan da Ba Ya Zama Wuri Guda

Duk matafiyin da ya bar Maiduguri ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Gajiram da Monguno har ya iso mararrabar Kauwa, inda hanya ta rabu, ɗaya ta karkata zuwa Kukawa ɗaya ta miƙe zuwa Baga, to ya shiga wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ba dutse ba tudu, sai rairayi da ƙayoyi da kukoki jefi-jefi. In kuwa ya tambayi mutanen wurin ina bakin Tafkin Chadi, ba mamaki su nuna masa gonar masara su ce bara a nan aka ɗaure kwalekwale. Wannan amsa tasu ita ce mabuɗin tarihin ƙasar, domin arzikinta ya rataya ne ga ruwan da ba shi da zama, wanda kuma ba a samanta ya zubo ba.

Mafi yawan ruwan, kusan kashi tara cikin goma, kogin Shari ne da abokinsa Logon suke kawo shi daga kudu, daga ƙasashen da ake wa ruwa kamar da bakin ƙwarya; ɗan abin da ya rage akwai rabon Komadugu Yobe, wanda asalinsa kogunan Haɗeja da Jama'are ne, har ma mutum ya iya cewa ruwan da ya wanke ƙasar Kano a nan yake kwana. Saboda nisan tafiyar, tafkin ba ya cika sai damina ta wuce an shiga hunturu. Wani abin al'ajabi daga ƙudurar Ubangiji shi ne, ko da yake ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku, kuma rana na shanye shi ba dare ba rana, ruwansa na sha ne, bai zama na gishiri ba, saboda yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirin.

Kafin a san Kukawa akwai Yedina, waɗanda Barebari ke kira Buduma, mazauna tsibirai, masu ɗaura jirage da ciyawar ruwa, masu kiwon shanun Kuri da ƙahoninsu kumbura-kumbura, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo. Su ne suke ƙetaro da kanwa daga gefen Kanem zuwa wannan gaɓa, fatake su ɗora wa jakuna da takarkarai zuwa Kano da gaba da ita. Kanwar nan da iyayenmu mata ke kira ungurnu, daga sunan garin Ngurno na kusa da tafkin ta samo sunanta, ko da yake kaɗan ne cikin masu jiƙa ta suka san haka.

Shi kuwa birnin, malami ne ya kafa shi. Bayan da Birnin Gazargamu ya faɗi a hannun mutanen jihadi a 1808, Mai na Borno ya nemi taimakon Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, mutumin da ya yi karatu ya yi hajji ya zauna a ƙasashen gabas, wanda kuma ya iya takobi kamar yadda ya iya alƙalami. Wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da Muhammadu Bello, inda kowannensu ke kafa hujja a kan halaccin yaƙar Borno ko haramcinsa, suna cikin mafi daraja daga abin da malaman wannan nahiya suka bari na munazara, Bello da kansa ya adana wasu a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. A 1814 Shehu Laminu ya gina wa kansa mazauni a wani fili mai kuka, aka kira shi Kukawa, sannu a hankali mulki ya baro fadar Mai ya tare a zaurensa, har ya zama sarauta na wuri ɗaya, iko na wani wurin. A nan Turawa matafiya Denham da Clapperton suka same shi a 1823, a nan kuma aka yi masa makwanci, Allah Ya jiƙansa.

A 1846 rundunar Wadai ta rushe garin, a cikin fitinar da ta kawo ƙarshen daular Sefawa, wato gidan sarautar Mai. Shehu Umaru, ɗan Shehu Laminu, ya sake gina shi gari biyu, kowanne da ganuwarsa, na gabas na Shehu da fadawansa, na yamma na talakawa da fatake, da babban dandali yana ratsa su. Bature matafiyi Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da Abdulkarim, ya iso a 1851 ya ga kasuwar Litinin, inda ake cinikin dawaki da raƙuma da hatsi da tufafi da busasshen kifi, ana biya da wuri da gabaga da riyalin azurfa. Kuma, gaskiya ba ta ɓuya, ana cinikin bayi da ake kaiwa Fezzan da Tarabulus ta hanyar Bilma. Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ɗauko jirgin ruwa gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma tun daga bakin bahar, ya haɗa shi ya kewaya tsibiran, ajali ya cim masa a 1852 a ƙauyen Maduwari. Duk wannan ɗaukaka mayaƙi Rabe ya mai da ita kufai a 1893, ya tafi Dikwa ya kafa fadarsa. Da Turawa suka zo aka mai da gidan Shehu, sai sarauta ta zauna a Yerwa a 1907, Kukawa ta saura garin kaburburan Shehunai.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, faɗuwar birnin ba ta kashe ƙasar ba, don arzikin ya koma bakin ruwa ne. Da tarun roba ya shigo, aka kuma yi hanyar mota zuwa Baga, sai masunta suka yi ta kwararowa, Kabawa da Sakkwatawa da Haɗejawa da Jukunawa, har da mutanen Mali, Hausa ta zama harshen ciniki a Doron Baga. Akan yanka kifi a gasa shi da hayaƙi ya zama banda, a cika kwalaye, manyan motoci su kwasa zuwa Anacha da Legas. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, shekara guda bayan haka Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da shi. Sai farin shekarun 1970 da 1980 ya auko, tafkin ya rabu biyu, ya tsuke har bai fi ushurin girmansa na da ba. Giwan ruwa ta yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa masu jure fadama suka yawaita. Masunta suka koma jera gura a mashigar ruwa, abin da suke kira dumba, kuma inda ruwa ya janye suka shuka masara da wake a kan danshi, ba taki ba ban ruwa, suka sami amfanin da gonar tudu ba ta bayarwa.

A ganina talakan nan ya fi masu ilimin zamani fahimtar tafkin. Gwamnati ta kashe dukiya mai yawa a aikin noman rani na Marte, kudu da nan, aka haƙa magudanai aka kafa injuna, kafin a ci moriyarsu ruwa ya tsere ya bar su a tudu. Masunta kuwa bin ruwan suka yi ta yi, suna kafa ƙauyuka a kan kowane tumbu, wato tsibiri, da ya bayyana, har suka tsallaka iyaka suka zauna a Darak da kewayenta. Kotun duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa wurin na Kamaru ne, aka miƙa ƙauyuka sama da 30 a ƙarshen 2003.

Musibar da ta fi fari muni ita ce ta Boko Haram, wadda ta auka wa Baga a 2013 da kuma Janairun 2015, aka rasa rayuka masu yawa, jama'a suka watse zuwa Maiduguri da Diffa da tsibiran Chadi, aka daɗe ba a sayar da banda a fili. A watan Satumba na 2020 gwamnatin Borno ta fara mai da mutanen Baga garinsu, kuma har yau kasuwar da ake sauke kifin tafkin a Maiduguri sunanta Tashan Baga.