Garaya da Goge: Tarihin Kiɗan Bori daga Ƙasar Bande zuwa Tunis

Garaya ba ta da girman da zai cika ido. Ƙoƙo ne da aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu, mai kaɗawa na taɓa su da ɗan guntun ƙirgi. Goge kuwa tsirkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki, bisa ƙwaryar da aka yi wa marufi da fatar guza, ana shafa wa izgar ƙaro don ta kama. Ba wuta, ba batir, ba lasifika. Amma da waɗannan kaya biyu, da buta mai tsakuwa a ciki ko ƙwaryar da aka kife ana bugu da 'yan sanduna, Hausawa suka gina kiɗan da ke sa babban mutum ya fita hayyacinsa a bainar jama'a, ya yi magana da muryar da ba tasa ba, can kuma ya yi atishawa ya dawo yana tambayar abin da ya faru. Shi ne kiɗan bori.

Ƙasar Bande, wadda ke kan hanyar Zinder zuwa Magarya, tana cikin yankin da tarihi ya ba wannan kiɗa wurin fakewa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, wasu sarakunan Haɓe da aka kora sun yi arewa. Na Katsina suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri, zuriyar sarautar Daura kuma ta koma Zango da Ɓaure, dab da inda iyakar Nijar da Nijeriya take a yau. Gabas da su akwai tsofaffin ƙasashen Sosebaki, irin su Dungas da Waca da Mirya. Duk wannan kudancin Zinder ya shiga inuwar Damagaram a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu da ya rasu a 1884. Damagaram daular Musulunci ce, da malamanta da alƙalanta, sai dai ba ta bin tutar Sakkwato, kuma ba ta ɗauki tsarin kawar da tsofaffin al'adun fada da na ƙauye irin yadda masu jihadi suka sa gaba ba. A Maraɗi ma abin ya fi haka fitowa fili: Iya, mace daga gidan sarauta, ita ce ke shugabantar 'yan bori, kamar yadda Inna take a Gobir. Da Faransawa suka kama Zinder a 1899, aka zo aka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, layin ya raba gonaki da dangi, amma makaɗi bai taɓa ɗaukarsa shinge ba. Mai garaya ya ci kasuwar Magarya yau, jibi yana biki a ƙasar Ɓaɓura ko Daura.

Ita garaya asalinta ta maharba ce. Da ita ake zuga mafarauci, a faɗi namun da ya kashe da dajin da ya kwana, har jikinsa ya ɗauki tsuma. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin shigarta bori ba, don aikin iri ɗaya ne: a kira wani da sunansa da na ubansa da abin da ya yi, har ya kasa zama.

A nan ne gwanintar take, kuma a nan ne mai kallo daga nesa yake yin kuskure. Yana jin ƙarar buta da kukan goge, sai ya ɗauka hayaniya ce kawai ake yi har kan mutum ya juya. Alhali a wurin 'yan bori kowace iska tana da takenta da kirarinta, kuma ba ta amsa na wata. A imaninsu iskoki na zaune a wani birni da ake kira Jangare, da sarki da fadawa da malamai da bayi da mahauta, gida gida, kamar kowane birnin Hausa. Fremont Besmer, wanda ya zauna da makaɗan bori a Kano ya kuma wallafa littafi a kansu a 1983, ya lissafa gidaje 12 a wannan birni. Dole makaɗi ya riƙe wannan asali duka a ka: wane ne ɗan wane, wa ake fara kira, wa ba ya haɗa fili da wa. In ya kaɗa taken iskar Sarkin Rafi ga wanda iskar Malam Alhaji ke hawa, to ya yi aikin banza, ya kuma ji kunya gaban tsofaffin mata da suka fi shi sanin layin.

Yadda ake wasan sananne ne a duk inda Hausawa ke yinsa. Bayan la'asar ko da dare a shimfiɗa tabarmi, makaɗa su zauna jere, masu buta ko ƙwarya a gefen mai garaya ko mai goge. Waɗanda iska ke hawa, namiji doki mace goɗiya, su zauna suna fuskantar kiɗa. Ana farawa a hankali. Mai kirari yana jefa kalmomi, kiɗan yana ƙara sauri kaɗan kaɗan, buta tana matsowa kusa da kunnen wanda ake nema. Sai a ga hamma ta kama shi, gumi ya keto, jiki ya ɗauki rawa, ido ya kafe. Masu kula da shi su riƙe shi, su kawo kayan iskar da ta zo. In Malam Alhaji ne, sai ga tsoho mai tari ya duƙa da fararen kaya da carbi, yana ta addu'a, ko da goɗiyar yarinya ce mai jini a jika. In Ɗan Galadima ne, ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya, sai a ga taƙama da babbar riga da turare, yana rabon duk abin da ya shiga hannunsa, makaɗa kuwa sun fi kowa murna da zuwansa. Kuturu ya dunƙule yatsu yana korar ƙuda yana magana ta hanci. Barhaza ta zo da kunyar Fulani. Sarkin Rafi kuwa da hauka yake sauka, ya yi tsalle sama ya faɗo da mazaunai a ƙasa, abin da ake kira jifa, ya tashi ya sake. Mutane su matso su gai da iskar, su kai kukan ciwo ko na rashin haihuwa, a faɗa musu abin da za su bayar. In an gama, makaɗi ya sassauta, dokin ya yi atishawa, iska ta tafi.

To, me ke kawo wannan hali? Tambayar ta daɗe tana cin masana. A 1962 wani Ba'amurke, Andrew Neher, ya ce bugun ganga ne ke taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye har mutum ya fita hayyacinsa. Bafaranshe Gilbert Rouget ya rushe wannan magana a littafinsa na 1980 kan kiɗa da hawan iska, da hujjar da kowane ɗan kallo a filin bori zai iya gani da idonsa: kunne ɗari ke jin kiɗa ɗaya, amma ba kowa ke faɗuwa ba, kuma shi makaɗin da ya fi kowa kusa da sautin yana nan garau yana lissafin kuɗin da aka liƙa masa. Veit Erlmann, wanda ya ɗauki kiɗan bori a ƙasar Maraɗi, ya fitar da nasa nazarin a 1982, shi ma a kan alaƙar take da hawa. Abin da hankali ya fi kwantawa da shi shi ne, kiɗan yana aiki ne a kan wanda aka riga aka shirya. Shirin kuwa shi ne girka: kwana bakwai ana tsare da mara lafiya, ana ba shi saiwoyi da turare, ana kaɗa masa take bayan take har a gane wace iska ce ke tare da shi, ya koyi zamanta da tafiyarta. Daga ranar, jin wannan take a kunnensa ya zama kamar uwa ta kira ɗanta da sunan yanka a tsakiyar kasuwa.

Saboda haka bai kamata a haɗa hawan iska da buguwa ba. Ƙasar Hausa ta san tsiron da ke juya hankali, ga zaƙami nan, wanda ake ce wa haukata yaro, yana fitowa a juji da bayan gari. Wanda ya sha shi maƙogwaronsa ya bushe, idonsa ya buɗe, ya yi ta kama abin da babu, ya kwana biyu bai san inda yake ba, wani ma daga nan sai kabari. Mai wannan hali ba ya iya bin kiɗa, balle ya fito da tarin Malam Alhaji daidai lokacin da garaya ta nema. Dokin bori kuwa, duk da fitar hayyacin, yana cikin tsari daga hamma har atishawa.

Matasan Turai da Amurka na shekarun 1960, masu shan ƙwayoyin da ke sa gane-gane, sun bi ta wata hanya dabam. Sun fara da ƙwaya, sannan suka shiga duniya neman kiɗan da zai dace da ita. Haka Brian Jones na ƙungiyar Rolling Stones ya je ƙauyen Jajuka a Maroko a 1968 ya ɗauki masu algaita da ganga, faifan ya fito a 1971 bayan mutuwarsa, an ma sarrafa sautin a situdiyo don ya ƙara juya kai. Sun ji daɗin maimaici da saurin da ke hauhawa, amma sunayen da ake kira da dalilin kiransu sun wuce su.

Tun kafin su, kiɗan Hausa ya riga ya ƙetare Sahara, kuma ba da daɗi ya ƙetare ba. Ayarin da ke tashi daga Kano da Zinder zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus yana ɗauke da fata da gashin jimina, yana kuma ɗauke da bayi. Waɗannan bayin Allah sun tafi ba su da komai sai abin da ke kansu. Da wani Bature, A. J. N. Tremearne, ya je Tunis da Tarabulus, ya tarar da Hausawa suna bori da sunayen da aka sani a gida, su Kure da Doguwa da Ɗan Galadima, ya rubuta littafi a kai a 1914. Jikokin wannan kiɗa suna nan: stambali a Tunisiya, inda wani tsohon gidan masu yinsa ke amsa sunan Dar Barnu, wato gidan Barno, da diwan a Aljeriya, da gnawa a Maroko. Duka da molo mai tsirkiya uku da ƙarafan da ake kaɗawa da hannu ake yin su, kuma a waƙoƙin stambali har yau akwai kalmomin Hausa da na Barebari da masu rerawar ba su san ma'anarsu ba. Maroko ta ɗauki nata da daraja. Tun 1998 ake bikin gnawa a birnin Essaouira, a 2019 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya.

A gida labarin ya sha bamban, kuma da dalili. Malamai sun daɗe suna cewa neman lafiya ko arziki wurin iskoki da yi musu yanka shirka ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci cewa tsawa kaɗai ba za ta raba mata da bori ba, don a can suke samun taro da magani da mai jin kukansu. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji, ta sa musu malfa irin wadda Innar Gobir ke sawa, ta ba su waƙoƙin ilimi su kai ƙauyuka. Turawan Ingila ma sun hana wasan a farkon mulkinsu. Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ƙetaro Nijar da wa'azinta, sannan shari'ar da jihohin arewacin Nijeriya suka ƙaddamar daga 2000 ta rufe filaye da yawa a Kano da maƙwabtanta. Yau mai fama da ciwon da ake dangantawa da aljanu ya fi zuwa wurin mai ruƙiyya ko asibiti, ɗan makaɗi kuma ya fi son ya koyi tuƙin babur da ya gaji garaya.

Duk da haka sautin bai mutu ba, ya canza riga ne. Kiɗan ƙwarya na cikin gida, wanda matan kulle ke yi wa iskoki, shi ne ya haifi amada da Barmani Coge ta Funtuwa ta kai ko'ina kafin rasuwarta a 2013. A Maraɗi, Sa'adu Bori ya ɗauki salon kiɗan bori ya hau da shi dandamali da jita da gangunan zamani, har faifan da suka yi da Musa Pusi ya fita a Turai a 1994.

Ba sai mutum ya yarda da Jangare ba kafin ya gane abin da ke cikin kan tsohon mai garaya. Akwai tsohuwar Hausa da ba a ji a rediyo, akwai sunayen sarautu da sana'o'i da cututtuka, akwai hoton yadda Bahaushe ya kalli Bafillace da Bagwari da Buzu, har da sojan Nasara, don iskokin Babule da suka ɓullo a zamanin mulkin Faransa da kakin soja suke sauka. Wannan tarihi ne da ba a rubuta a takarda ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai ta adana kayan kiɗan gargajiya, amma garayar da ke rataye a bango ba ta faɗin taken kowa. Jami'ar Zinder na da ɗalibai 'yan Bande da Magarya da Dungas da Waca, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Su nemi tsofaffin makaɗan garuruwansu, su gaishe su da ladabi, su ɗauki take da kirari da sunan wanda ya koya musu, tun suna da ƙarfin riƙe garaya.