Yadda Muka Kai Ga Shiga Sau Ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe sashen kwamfuta a jami'a ko babban kamfani ya san ƙorafin da ya fi yawa a teburinsa: "Na manta kalmar sirrina." Ma'aikaci guda yana da ta imel, da ta shafin albashi, da ta laburare, kuma kowace manhaja tana ajiye nata jerin sunayen. Ranar da aka sallami mutum sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana rufe masa, kuma da wuya a gama ba a tsallake wata ba. Wannan wahala ce ta haifi shiga sau ɗaya, wato SSO a bakinmu 'yan sana'a: mutum ya tabbatar da ko shi wane ne a wuri guda, sauran manhajoji su karɓi wannan shaida.

Tunanin ya girmi shafukan intanet. A shekarun 1980 jami'ar MIT ta Amurka ta ƙirƙiro Kerberos don kwamfutocin ɗalibanta: ka shiga sau ɗaya, a ba ka tikiti, da shi za ka riƙa buɗe sauran wurare. Microsoft ta saka shi cikin Windows 2000, har yau da shi ofisoshi da dama ke aiki. Amma don cikin gida ɗaya aka gina shi.

Burauza ta zo da tata matsalar. Shafi ba ya tuna wanda ya ziyarce shi, sai da Lou Montulli na Netscape ya kawo kuki a 1994, kuma kuki ba ya ƙetare yankin adireshin da ya ajiye shi. Da yawa daga cikinmu mun fara da hanya mai sauƙi: a jera dukkan manhajoji ƙarƙashin adireshi ɗaya su ci kuki guda. Tana aiki, sai dai duk wanda ya fasa mafi rauni a cikinsu ya samu sauran a ɓagas.

A ganina, jami'o'i ne suka fara fahimtar abin da kyau. A farkon shekarun 2000 Shawn Bayern ya rubuta CAS a jami'ar Yale, kuma har gobe da shi nake koyar da sababbin ma'aikata. Ka je shafin laburare, bai san ka ba, sai ya tura ka babbar ƙofar shiga. Can kaɗai za ka rubuta kalmar sirri. A maido ka da tikitin da ba ya amfani sai sau ɗaya, laburare ya zaga ta baya ya tambayi ƙofar ko tikitin nata ne, ta amsa tare da faɗin sunanka. In ka wuce shafin rajista, za a sake tura ka, amma ƙofar ta riga ta san ka, ko ƙiftawa ba za ka yi ba an dawo da kai. Laburare bai taɓa ganin kalmar sirrinka ba. Yawancin abin da ya biyo baya a kan irin wannan dabara ya ginu.

Rikicin ya koma kan wa zai riƙe ƙofar. Microsoft ta fito da Passport a 1999 da burin zama mai gadin kowa a intanet. Kamfanoni suka ƙi miƙa mata masu hulɗa da su, Sun Microsystems ta jagoranci kafa Liberty Alliance a 2001. Daga aikinsu, da na Shibboleth na jami'o'in Amurka, da ƙa'idar SAML ta farko ta 2002, aka haɗa SAML 2.0 a Maris 2005. Kowace hukuma ta riƙe mutanenta, ta sa hannu a kan shaidarsu, wasu su yarda da sa hannun.

A takarda abin gwanin sha'awa, a wurin aiki kuwa mun sha wuya. Agogon saba ɗaya ya yi gaba da 'yan mintuna, a ƙi karɓar shaida. Satifiket ya ƙare da tsakar dare, safiya ta yi kowa yana waje. Mafi muni shi ne tantance sa hannu a cikin XML ɗin da ake rubuta shaidar SAML da shi: a 2012 masu bincike daga Jamus suka gwada manhajojin SAML 14, suka samu 11 ana iya yaudararsu da shaidar jabu. Tun daga nan ba na barin kowa a ƙarƙashina ya rubuta wannan sashe da hannunsa.

Ta ɓangaren jama'a, OpenID ya zo a 2005 bai karɓu sosai ba. OAuth na 2007 kuwa don ba wata manhaja izinin taɓa bayananka aka yi shi, amma mutane suka riƙa amfani da shi a matsayin shaidar ko kai wane ne, aka yi ta samun ɓaraka, har OpenID Connect ya gyara lamarin a 2014. Shi ne a bayan maɓallin shiga da Google.

Haɗe ƙofofi ya tara haɗarin wuri guda. A kutsen SolarWinds na 2020 maharan sun saci mabuɗin sa hannu na wasu hukumomi, suka riƙa buga wa kansu shaida da sunan duk wanda suka ga dama.

Abin da ya fi damuna shi ne fita. Ɗalibi a ɗakin kwamfuta ya danna fita a shafin rajista ya tashi, alhali imel ɗinsa yana nan a buɗe ga wanda zai zauna bayansa, domin kowace manhaja ta riga ta ajiye nata kuki. Tsohuwar dabarar sanar da su ta cikin burauza ta raunana da burauzar Safari ta toshe kukin wasu shafuka gaba ɗaya a 2020. Ƙa'idar OpenID Connect ta sanarwa daga saba zuwa saba ta kammala a 2022, amma manhajoji da yawa ba su ɗauke ta ba. Shi ya sa kafin mu sayi kowace sabuwar manhaja nake sa a gwada fita a gabana, in ta gaza mu rage tsawon zaman da take bari.