2.3 Matsayin Makarantun Gwamnati a Dawakin Tofa: Waiwaye a Kan Tarihin Sakandaren Kimiyya

Dawakin Tofa ƙaramin gari ne na manoma da maginan tukwane da ke arewa maso yammacin birnin Kano. Duk da ƙanƙantarsa, sunan garin ya daɗe yana fitowa a duk lokacin da ake zancen makarantun gwamnati masu cin jarrabawa a Jihar Kano. Dalilin haka kuwa shi ne Sakandaren Kimiyya da ke garin. Saboda haka kafin a yanke hukunci a kan matsayin ilmi a wannan gari, ya kamata a dubi yadda makarantar ta samu, da kuma inda ɗalibanta suke fitowa.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a shekara ta 1967, babbar matsalar da ta fuskanta ita ce ƙarancin 'yan asalin jiha masu ilmin kimiyya, wato likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya. Asibitoci da ma'aikatu da makarantu sun dogara ƙwarai da ma'aikatan da aka ɗauko daga wasu jihohi da ƙasashen waje. Domin magance wannan ne, a zamanin mulkin Kanar Sani Bello, aka kafa hukuma ta musamman mai kula da makarantun sakandaren kimiyya a shekara ta 1977. Aka fara da makarantun maza guda biyu, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu. Daga baya aka buɗe ta mata a Taura a 1981, wadda ta koma Jihar Jigawa lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Abin lura a nan shi ne hanyar ɗaukar ɗalibai. Ba daga firamare ake shiga makarantar kai tsaye ba. Sai yaro ya gama aji biyu a wata sakandaren gwamnati, sa'an nan ya zauna jarrabawar share fage, idan ya ci a kawo shi aji uku. Ɗaliban farko sun zauna jarrabawar WAEC a 1980. Da tsarin 6-3-3-4 ya kankama, sai zaɓen ya koma bayan kammala aji uku na ƙaramar sakandare. Ke nan yaran da ke cika azuzuwan makarantar zaɓaɓɓu ne daga ko'ina cikin jihar, kuma a makarantar suke kwana. Ɗan Dawakin Tofa ba shi da wani fifiko a kan ɗan Rano ko ɗan Gwarzo, face abin da ya ci a jarrabawa.

Wannan shi ne abin da jerin matsayin makarantu ba ya nunawa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne yawan ɗaliban da suka sami kiredit biyar ko fiye, har da Ingilishi da Lissafi, tun da shi ne sharaɗin shiga jami'a. Idan aka jera makarantu da wannan ma'auni, wadda ta tace ɗalibanta tun daga ƙofa dole ta kasance a sama. Bugu da ƙari, makarantar da aka ɗebe wa haziƙan yaranta biyu ko uku tana asarar waɗanda da su ne za su ɗaga sakamakonta. Wato zaɓen yana ɗaga ɗaya, yana kuma sauke sauran a lokaci guda. Shi ya sa tun farko aka sami masu sukar tsarin da cewa ya fifita 'yan kaɗan a kan masu yawa.

Ba a nufin cewa zaɓe kaɗai ne ya kawo nasarar ba. Makarantar tana ƙarƙashin hukumarta ne, ba ta jiran Ma'aikatar Ilmi a kan kowane abu, kuma an tanadar mata ɗakunan gwaje-gwaje da malaman kimiyya fiye da na sauran makarantu. Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin shekaru goma na farko na waɗannan makarantu a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Sussex a 1988.

Yaran garin kuwa, yawancinsu wata hanyar suka bi. Shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, wanda aka ƙaddamar a watan Satumba na 1976, ya cika makarantun karkara da ɗalibai kafin a sami isassun malamai masu takardar koyarwa. Yaron da ya fito daga irin wannan firamare, ga aikin gona da damina, da wuya ya yi gogayya da ɗan birni a jarrabawar share fage. Don haka a babi na gaba za a ware sakamakon Sakandaren Kimiyya daban, a auna sauran makarantun garin da takwarorinsu na karkara.