Yawon shaƙatawa a kan ruwa: Jagora ga mai ziyartar tafkin Nguru da kogin Gashuwa

A ƙasashe da dama, hutu a cikin jirgin ruwa sana'a ce babba. Manyan jirage kan kwashe dubban fasinjoji su yi kwanaki suna zagaya tekun Bahar Rum, wasu ƙanana kuma na zirga-zirga a kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan a ƙasar Masar. Mazaunin arewacin Nijeriya da ke sha'awar irin wannan hutu yana da nasa wurin a kusa: dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda ya miƙa har Gashuwa a arewacin jihar Yobe.

Bambancin shi ne a manyan jiragen, doka ce ke tilasta matakan kare rai, kuma akwai ma'aikatan da ke tabbatar da su. A mashigin ƙauye kuwa, sau da yawa matafiyi ne da kansa zai duba jirgi, ya ƙirga fasinja, ya kuma yanke shawarar shiga ko fasawa. Wannan jagora ya tattaro abin da ya kamata ya sani kafin ƙafarsa ta bar tudu.

Yadda yankin yake

Kogin Haɗejiya da na Jama'are ne ke malala a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su rarrabu zuwa tafkuna da fadamu, sannan su sake haɗuwa kafin Gashuwa su zama kogin Komadugu Yobe, wanda ke zuba a tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma, mai faɗin hekta 58,100, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya samu wannan matsayi. Tafkin Dagona da ke ƙaramar hukumar Bade ya shiga jerin a 2008, kuma yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi. Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989 domin ganin tsuntsayensa.

Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, da ta Challawa, a 1992, sun sauya yanayin gudun ruwan. Ciyawar kachalla ta bazu ta toshe hanyoyi da yawa, har ta kai hanyar da jirgi ya bi bara tana iya rufewa bana. Wannan ne dalilin da ya sa baƙo ba ya shiga dausayin sai da ɗan gari.

Lokacin da ya fi dacewa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin ziyara mafi kyau. Ambaliya ta ja baya, ruwa ya lafa, tsuntsaye masu gudun sanyin Turai sun sauka sun haɗu da na gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela. Sai dai hazon hunturu kan rage gani, sanyin asuba a kan ruwa kuma yana da ƙarfi, don haka a tafi da rigar sanyi.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. A farkon damina hadari kan taso da iska mai ƙarfi cikin ɗan lokaci. Agusta da Satumba kuwa watannin cikar kogi ne, ruwa na da ƙarfi, kuma yakan yanke hanyoyin mota a wasu wurare. Wanda shaƙatawa kawai ta kawo shi, gara ya jira kaka.

Mai son ganin al'ada yana iya daidaita tafiyarsa da bikin kamun kifi na masarautar Bade da ake yi a Gogaram, ƙaramar hukumar Jakusko, da rani. A tabbatar da ranar daga masarautar ko gwamnatin jiha kafin a kama hanya.

Hanya da masauki

Mai tasowa daga Kano yakan bi ta Haɗejiya da Birniwa ya isa Nguru, garin da layin dogon Kano ya tsaya tun 1930. Daga Nguru zuwa Gashuwa tafiyar kimanin sa'a ɗaya ce a mota. Mai tasowa daga Damaturu ko Potiskum kuwa Gashuwa zai fara isa. A yi tafiyar mota da rana, a kuma tambayi halin tsaro da na hanya kafin a tashi. Masaukan baƙi ba su da yawa kamar na manyan birane, saboda haka a kama ɗaki tun da wuri, musamman lokacin biki. A riƙe tsabar kuɗi, domin a bakin ruwa layin waya kan yi rauni, tura kuɗi ta waya kuma ya gagara.

Shiga Dagona na buƙatar izinin jami'an gandun daji. A sauran ƙauyuka, ladabi shi ne a fara gaida bulama ko mai unguwa, a nemi sarkin ruwa ya haɗa baƙo da matuƙin da aka yarda da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Zaɓen jirgi da matuƙi

Jiragen yankin kwalekwale ne na katako, wasu da inji, wasu da filafili ko doguwar sanda. An yi su ne domin su da jigilar 'yan kasuwa. Mai yawon buɗe ido zai fi samun natsuwa idan ya ɗauki shatar jirgi shi da abokan tafiyarsa, aka daidaita kuɗi da wuraren zuwa da lokacin dawowa tun a tudu.

Kafin shiga, a duba cikin jirgin. Idan ana ta kwalfe ruwa alhali bai bar gaɓa ba, yana yoyo. A duba tazarar da ke tsakanin bakinsa da saman ruwa bayan kowa ya zauna. Idan ruwa ya kusa taɓa baki, lodi ya yi yawa, kuma ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi. Jirgi mai inji ya kasance da filafili da isasshen mai, saboda kachalla kan naɗe farfela. A guji jirgin yammacin ranar kasuwa, wanda ake haɗa mutane da buhuna da babura da dabbobi a cikinsa.

Rigar kariya da tafiyar dare

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, ta haramta lodin da ya wuce ƙima, ta kuma hana tafiyar dare. Jami'anta ba su kai kowane mashigi ba, shi ya sa kiyaye dokar ya koma wuyan fasinja.

Abin da ya faru a ranar 3 ga Janairu 2026 ya nuna girman al'amarin. Da daren wannan rana wani kwalekwale ɗauke da mutum 52 ya kife a hanyarsa daga Adiyani ta jihar Jigawa zuwa Garbi a ƙaramar hukumar Nguru. Hukumomi sun tabbatar da rasuwar aƙalla mutum 25. A cikin duhu matuƙi ba ya ganin kututture, masu ceto kuma ba sa ganin wanda ke neman agaji.

Ba kowane matuƙi ke da rigunan kariya ba, don haka a saya a tafi da su. A ɗaure madaurin sosai, domin rigar da ta yi sako-sako kan zame ta saman kai. Yaro yana buƙatar daidai jikinsa. Iya iyo ba hujjar barinta ba ce.

A manyan jiragen duniya, tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, wanda ya ci rayuka 32, aka tsaurara ƙa'idar koya wa fasinja matakan gaggawa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Jagoran tawaga zai iya yin kwatankwacin haka cikin minti biyar a bakin ruwa: ya ƙirga mutane, ya gano waɗanda ba su iya iyo ba, ya ba kowane yaro babban da zai kula da shi.

Zama a cikin jirgi

A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna ƙasa-ƙasa inda matuƙi ya nuna. Kada a miƙe domin ɗaukar hoto, kada kuma kowa ya karkata gefe guda saboda an hango tsuntsu. Babbar riga da dogon mayafi kan sha ruwa su yi nauyi, su kuma harɗe ƙafa. A zaɓi tufafin da suka suturta jiki ba tare da jan ƙasa ba. Waya da takardu a sa su cikin leda a ɗaure. Idan hadari ya haɗu, a nufi gaɓa mafi kusa. Idan jirgi ya kife, a riƙe jikinsa muddin yana saman ruwa, kada a cakumi juna.

Lafiya

Ruwan da ke kwance cikin ciyayi matattarar katantanwar da ke yaɗa tsargiya ce, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga. A guji wanka da iyo a tafki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya dawo, ko da an yi makonni, ya je asibiti ya faɗi inda ya je; akwai maganinta. Sauro na da yawa, a tafi da gidan sauro da man shafawa mai korar sa. A ɗauki ruwan sha mai tsabta da hula ko malfa. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru da asibitin gwamnati a Gashuwa, amma daga tsakiyar dausayi zuwa can tafiya ce mai nisa, don haka mai shan magani kullum ya riƙe nasa.

Haƙƙin masu wuri

Abin da baƙo ke kallo a matsayin wurin shaƙatawa, gonar shinkafa ce da wurin su da mashayar dabbobi ga Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulanin yankin. Kada a bi ta kan taru ko tarkon kifi. Kada a ɗauki hoton mutane, musamman mata, sai da izini. Farauta haramun ce a cikin gandun daji, hayaniya kuma na tarwatsa tsuntsaye. A koma da leda da robar ruwa tudu. Sayen bandar kifi ko tabarmar kaba a hannun masu yi hanya ce ta amfanar da garin.

Kafin a tashi

A sanar da wani da ke tudu sunan matuƙi, wurin da aka nufa da lokacin dawowa. A cika batirin waya, a adana lambar mai masauki da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. A fita da hantsi, a tsara dawowa kafin la'asar sakaliya, yadda ko inji ya mutu za a iso gaɓa da sauran haske. Idan jirgin da ya rage ya cika maƙil ko magariba ta gabato, a kwana a ƙauyen, a ƙetare da safe.